Aron Suna Wajen Buɗe Kamfani: Abin da 'Yan Kasuwarmu na Kudu Ya Kamata Su Sani

Tun daga watan Mayun 2024, lokacin da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta ba masu sana'ar POS wa'adin su yi rajista, maganar buɗe kamfani ta shigo zaurukanmu na Kudu da ƙarfi. Wa'adin farko 7 ga Yuli ne, aka ƙara shi zuwa 5 ga Satumba. Ba a gama da wannan ba sai ga sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026. Yau daga Agege zuwa Mile 12, daga Sabon Ibadan zuwa Ama Hausa ta Owerri da kasuwar shanu ta Lokpanta, mai tumatir da mai albasa da ɗan canji duk tambaya ɗaya suke yi: ni ma sai na yi takardar nan?

Inda buƙata ta yi yawa kuwa, dillalai ba sa nisa. Ejan zai zo har rumfa ya ce, "Alhaji, kai dai kawo kuɗi, ba sai ka wahala ba. Muna da mutanen da za mu sa a matsayin daraktoci, sati ɗaya satifiket ya fito." Wannan shi ne abin da lauyoyi ke kira nomini, mu kuma mu ce aron suna: kamfani naka, kuɗi naka, amma sunan wani ne a takarda. A kan wannan nake so mu yi magana, domin dokar da aka san wannan dabara da ita ta canza, kuma da yawa cikinmu da tsohon lissafi suke tafiya.

Me ya sa muke aron suna?

Ba duk mai aron suna ne mai mugun nufi ba. Kasuwancin Bahaushe a Kudu da amana aka gina shi. Fataucin shanu da na goro sun yi shekaru aru-aru suna tafiya a kan maigida da dillali da yaron gida: a turo kaya, a sayar bashi, a mayar da kuɗi, babu ko layi ɗaya a rubuce. Mutumin da ya tashi a wannan tsari, idan aka ce masa a sa sunan yaronsa mai boko a takarda, ba zai ga wani abu ba. Ai yarona ne, in ji shi.

Akwai wanda turancin fom ne ya fi ƙarfinsa. Akwai wanda ba shi da adireshin da zai rubuta, don rumfarsa ba ta da lamba. Wani kuma yana ganin in sunan ɗan gari ne a gaba, kwangila ko haya ko fili zai fi sauƙin samuwa. Wani ba ya so dangi su san ƙarfinsa. Sannan ga 'yan uwanmu na Nijar da Chadi da suka daɗe a Legas suna juya kuɗi, waɗanda doka ke ɗauka a matsayin baƙi. Sai kuma babban dalilin da ya fi yawa: tsohuwar dokar kamfanoni ta 1990 ta ce sai mutum biyu za su kafa kamfani. Mai kuɗi shi kaɗai ne, don haka ejan ya cike gurbi na biyu da sunan sakatariyarsa ko ƙaninsa.

Wannan dalili na ƙarshe ya mutu tun 7 ga Agustan 2020, ranar da marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, CAMA 2020. Yanzu mutum ɗaya tilo na iya kafa kamfani mai zaman kansa, irin wanda ake rubuta wa Ltd a ƙarshen suna. Duk ejan da ya ce maka dole sai an ƙara wani, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya san abin da yake nema.

Abin da doka ke nema a zahiri

Bari in jera su yadda suke, don tsoron abin ya fi abin kansa girma.

Na farko suna. Za a nemi CAC ta amince da sunan, in ta amince ta ajiye maka shi kwana 60. Na biyu jari. Mafi ƙarancin hannun jarin da kamfani mai zaman kansa zai fitar shi ne naira 100,000, kuma dole a rubuta wa ke da nawa a ciki. Na uku takardun kafa kamfani, masu bayyana irin kasuwancin da za a yi da ƙa'idojin tafiyar da shi. Na huɗu adireshin ofis a cikin Najeriya. Na biyar shaidar kowane darakta da kowane mai hannun jari, wato lambar NIN da waya da imel da sa hannu. Masu hannun jari ba za su wuce 50 ba. Hatimin kamfani ma, da a da yake dole, yanzu ganin dama ne.

Dokar ta kuma sassauta wa abin da ta kira ƙaramin kamfani. Darakta ɗaya ya ishe shi, kuma ba dole ya naɗa sakataren kamfani ba. Amma kafin a kira kamfani ƙarami akwai sharuɗɗa: cinikinsa na shekara kada ya wuce naira miliyan 120, dukiyarsa bayan an cire bashi kada ta wuce miliyan 60, babu baƙo ɗan wata ƙasa a cikin masu hannun jari, babu gwamnati, sannan daraktocin su ne ke riƙe da aƙalla kashi 51 cikin 100 na hannun jarin.

Ku lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. In ka riƙe hannun jari duka da sunanka, ka ɗauko darakta na aro wanda ba shi da ko sisi a ciki, kai kuma ba darakta ba ne, to kamfaninka ya fita daga sahun ƙanana ko da cinikinka bai kai ya kawo ba. Sassaucin ya tafi. In kuma ka ce bari a ba daraktan aron kashi 51 don a cika sharaɗi, to ka miƙa masa linzami da hannunka. Ko ta ina ka ɓullo, aron nan akwai kuɗinsa.

Sirrin da ake sayar maka babu shi

Babban abin da masu wannan harka ke tallatawa shi ne rufin asiri: ba wanda zai san kai ne mai kamfanin. Doka ba ta hana wani ya riƙe hannun jari a madadin wani ba, manyan kamfanoni ma suna yi. Abin da ta hana shi ne ɓoye mai shi na ainihi.

Sashe na 119 na CAMA 2020 ya ce duk mai iko na gaske da kamfani ya sanar da kamfanin a rubuce cikin kwana 7, kamfanin kuma ya sanar da CAC cikin wata ɗaya. Wane ne mai iko na gaske? Duk wanda ke da kashi 5 cikin 100 na hannun jari ko na ƙuri'a, kai tsaye ko ta hannun wani. Ko wanda ke da ikon naɗa yawancin daraktoci ko cire su. Ko wanda maganarsa ce ke tafiyar da kamfanin. Wato Alhajin da ke zaune a rumfa yana ba da umarni, sunansa ba ya cikin satifiket, shi doka ke nufi. A 2022 CAC ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan wannan, ranar 25 ga Mayun 2023 kuma aka ƙaddamar da rajistar masu kamfanoni na ainihi, wadda kowa zai iya dubawa a intanet kyauta.

To ka ga lissafin. In an yi aron sunan bisa doka, sunanka zai fito a waccan rajista, sirrin da ka biya kuɗi dominsa babu. In an ɓoye ka, an yi wa hukuma ƙarya a rubuce, laifin da ke jawo tara, har yana iya kai mutum gidan yari. Ejan ba zai gaya maka wannan ba.

Kada kuma wani ya ɗauka doka ce irin wadda ake yi a manta. Tushenta daga sama yake. A taron yaƙi da cin hanci na Landan a Mayun 2016 Najeriya ta yi alkawarin buɗe wannan rajista, bayan shekaru ana fama da badaƙaloli irin na rijiyar mai ta OPL 245, wadda aka ba kamfanin Malabu a 1998, aka kwashe shekaru a kotunan ƙasashe ana jayayya a kan su wa ke bayan kamfanin. A Fabrairun 2023 hukumar FATF, mai sa ido a kan safarar kuɗin haram a duniya, ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, ba a cire ta ba sai Oktoban 2025. Ƙasar da ta sha wuya kafin ta fita daga wannan jeri ba za ta so komawa ba. Shi ya sa bankuna suka matsa da tambayoyi, shi ya sa ake rufe asusu a ce sai an kawo bayanin mai kamfani. Ni a ganina wannan matsi ƙaruwa zai yi, musamman yanzu da ake haɗa bayanan NIN da BVN da CAC da na haraji wuri guda.

Idan kai ne mai kuɗin

Zanen aro ba ya rufe katara. Kamfani a idon doka mutum ne mai zaman kansa. Tirelar da aka saya da sunan kamfani ta kamfani ce, shagon da aka kama haya da sunansa nasa ne, kuɗin da ke asusunsa nasa ne. Shi kuma kamfanin yana hannun waɗanda sunansu ke cikin rajistar hannun jari. Mai fiye da rabin ƙuri'a na iya cire darakta ya naɗa wani. Manyan shawarwari, kamar canza ƙa'idojin kamfani, sai da kashi uku cikin huɗu, ma'ana wanda aka rubuta wa kashi 26 don a cike gurbi zai iya tare maka hanya ranar da kuka saɓa.

A ce dillalin albasa ya yi shekara 20 yana tara abin kansa a Mile 12, ya buɗe kamfani da sunan yaron shagonsa. Ana zaune lafiya shekara biyar. Rana ɗaya aka sami saɓani, yaro ya tafi banki da takardar CAC ya ce a canza mai sa hannu a asusu. Bankin me zai duba? Takarda. Sarkin Hausawa zai kira zama, dattawan kasuwa su shaida kowa ya san dukiyar Alhaji ce, kuma sau da yawa hakan na warware rigima in yaron mai jin kunya ne. In ba ya ji, sai kotu, kuma kotu hujja take nema. Za a iya cin shari'ar, amma bayan shekara nawa, da kuɗin lauya nawa, kasuwa kuma tana tsaye?

Ko da yaron amintacce ne har ƙarshe, akwai mutuwa. In ya riga ka rasuwa, hannun jarin da ke sunansa zai shiga lissafin abin da ya bari, magadansa su ce na mahaifinsu ne, kuma takarda tana bayansu. In kai ka riga shi, matanka da 'ya'yanka a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba su san akwai kamfanin ba balle su nema. Malamin da zai raba gado abin da aka kawo gabansa yake rabawa. Haƙƙin marayu ke nan ya maƙale a wuyan mutane saboda an ƙi rubuta layi biyu, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Kada kuma ka ce tunda sunanka ba ya ciki, in abu ya lalace ka tsira. Dokar ta san da wanda daraktoci suka saba bin umarninsa daga bayan fage, kuma tana ɗaukarsa darakta. Riba na iya kuɓuce maka, alhaki ba zai kuɓuce ba.

Idan sunanka aka ara

Wannan ɓangaren ya fi damuna, don talakawanmu yake ci. Maigadi a Lekki ko Ikoyi, direba, ɗan aike, mai shayi a bakin ofis. Oga ya kira shi ya ce kawo NIN ɗinka da hoto, sa hannu a nan, ga dubu ashirin ka sha ruwa. Bai san daga ranar ya zama darakta ba.

Me ya sa oga ke neman sunan maigadi? Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Wanda ke son ba kansa kwangila, ko ya wuce da kuɗin da ba ya so a gani, yana buƙatar sunan da ba zai yi tambaya ba. Ranar da EFCC ta bi sawun kuɗin, sunan da ke CAC da banki shi za ta fara nema. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A doka babu wani abu wai shi darakta na suna kawai. Darakta darakta ne, amanar kamfani tana wuyansa. In ya sa hannu ya tsaya wa kamfanin a bashin banki, bashin ya hau kansa shi da kansa. In ya sa hannu a cek ya dawo babu kuɗi, akwai doka tun 1977 da ta mai da wannan laifi mai ɗauri. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani sama da miliyan 10, ba ta hanyar banki ba. "Ban sani ba, oga ne ya ce in sa hannu" magana ce da za a faɗa bayan an kwana a tsare.

Don Allah shugabannin unguwanni da limamai su riƙa faɗa wa yaranmu masu zuwa cirani: NIN da BVN da lambar da banki ke turowa a waya ba abin aro ba ne, ko ga wanda yake ba ka albashi.

'Yan uwanmu na Nijar da Chadi, da 'yan canji

Ɗan wata ƙasa na da damar mallakar kamfani a Najeriya, amma hanyarsa daban ce. Sai ya yi rajista da hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC, ya nemi izinin kasuwanci a ma'aikatar cikin gida, wadda ƙa'idarta ta 2022 ta sa jarin naira miliyan 100 ga kamfani mai hannun baƙo. Wannan adadi ne ke tura mutane aron sunan ɗan Najeriya. Na fahimci matsin, balle yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025. Amma wanda ya ɓoye kansa don kauce wa wannan ƙa'ida ya sani cewa ranar da aka ci amanarsa, zuwa kotu na nufin ya fara da bayyana cewa ya kauce wa doka. Wanda ya riƙe masa sunan ma ya san haka. Mai babban jari gara ya haɗu da 'yan uwansa su cika sharaɗin a fili, da lauya.

Haka 'yan canji. Ranar 1 ga Maris 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, daga baya ya sa sabon jari: naira biliyan 2 ga manya, miliyan 500 ga masu bi musu. Da wuya mutum ɗaya ya iya, don haka ake haɗa kuɗi. In mutum talatin sun haɗa, aka rubuta sunan uku, sauran ashirin da bakwai ba su da komai a hannu sai fatan alheri. Kowa ya ga sunansa da adadin hannun jarinsa a takarda kafin ya saki kuɗi.

To mene ne mafita?

Da farko ka tambayi kanka ko kamfani kake buƙata. Mai POS ɗaya ko mai shago ɗaya, rajistar sunan kasuwanci ta ishe shi, ta fi araha, ɗawainiyarta ta fi sauƙi. Bambancin shi ne a nan kai da kasuwancin abu ɗaya ne, bashinsa bashinka ne.

In kamfanin kake so, ka yi da sunanka. Rashin boko bai hana kowa zama darakta ba. Ka ɗauki mai boko aiki a matsayin manaja ko akawu, ka biya shi albashi, ka bar hannun jari a inda yake. Waya da imel da za a sa a rajista su zama naka, ba na ejan ba, don ta nan hukuma ke aiko da saƙo.

In tsarinku irin na gida ne, wani ya ba da jari wani ya juya a raba riba, dokar 2020 ta kawo rajistar haɗin gwiwa inda mai jari ke zuba kuɗinsa, asararsa ta tsaya iya abin da ya zuba, mai juyawa kuma ya riƙe ragamar aiki. Wannan ya fi kusa da abin da iyayenmu suka saba, kuma kowa sunansa na rubuce.

In kuma akwai dalili na halal da ya sa dole wani ya riƙe maka hannun jari, lauya ya rubuta takardar amana mai cewa naka ne, riƙo kawai yake yi, da shaidu, a kuma bayyana sunanka ga CAC a matsayin mai shi na ainihi. Kwafi ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin lauya, ɗaya a gida Arewa. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 ba sai an gaya masa dalilin da ya sa ba a ajiye takardu duka a rumfa ba.

Wanda ya riga ya yi rajista shekarun baya, ya sa a duba masa yau. A nemi rahoton matsayin kamfanin daga CAC, a ga su wa aka rubuta daraktoci, wa ke da kashi nawa. In akwai baƙon suna, a gyara tun ana dariya da juna, don canja hannun jari sai da sa hannun wanda yake riƙe da shi. A duba kuma ko ana kai rahoton shekara-shekara, domin hukumar ta sha sanar da shirin soke kamfanoni kimanin 100,000 da suka shekara 10 ba su kai ba. Satifiket a bango ba ya nufin kamfanin na raye.

Kira na ga majalisun Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin kasuwanninmu: kuɗin da ake kashewa a sulhu bayan rigima ta ɓarke ya isa a ɗauki lauya ɗaya mai jin Hausa ya riƙa zama a ofishin ƙungiya rana ɗaya a mako, yana karanta wa mutane takarda kafin su sa hannu. Muna da 'ya'ya lauyoyi haifaffun Agege da Sabo da Fatakwal, a neme su. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya kare mana dukiya da mutunci.